Yadda Ƙasan Teku Ke Sauya Siffa a Gaɓar Lome

1.0 Gabatarwa

Birnin Lome, hedkwatar ƙasar Togo, a kan yashi yake zaune. Tsohon garin ya kafu ne a kan wani siririn tudun yashi wanda ke tsakanin tekun Atlantika daga kudu da wani dogon tafki daga arewa. A kan wannan tudu ne fataken Hausawa suka sauka tun a shekarun 1880, suna cinikin goro da shanu da tufafi, har unguwarsu ta samu sunan Zongo. Asalin kalmar kuwa ita ce "zango", wato wurin da ayari yake yada kaya ya kwana kafin ya ci gaba da tafiya. A shekarar 1977 hukuma ta rushe Zongon da ke tsakiyar gari, ta mayar da mutanensa wani fili mai nisan kimanin kilomita 15 a arewacin birnin.

Duk da wannan nisa, abincin mutanen Zongo da yawa yana da alaƙa da bakin teku. Daga tashar jiragen ruwa ta Lome ake ɗaukar kayan da ake kai wa Nijar da Burkina Faso da Mali. Babbar hanyar mota da ta haɗa Lome da Kwatano da Legas ita ma gaɓar teku ta bi. Wanda ya san wannan gaɓa ya san wani abin mamaki game da ita. Yamma da tashar jiragen ruwa, yashi ya yi ta ƙaruwa har bakin teku ya zama makeken fili. Gabas da tashar kuwa, teku ya ci gidaje da gonakin kwakwa da hanyoyi. Ruwa ɗaya ne, yashi ɗaya ne, amma sakamako biyu. Amsar wannan tana ƙarƙashin ruwa, a ɗan tsirin ƙasan teku da ya faro daga gaɓa zuwa inda zurfi ya kai kamar mita 10. Wannan takarda za ta bayyana yadda siffar wannan wuri take sauyawa, da abin da ke sauya ta.

1.1 Kalmomin da za a yi amfani da su

Ƙasar Hausa ba ta da teku, saboda haka yawancin kalmomin wannan fanni daga kogi da gona da fatauci aka aro su. A nan, "raƙuman ruwa" na nufin tozayen ruwa masu tasowa suna fashewa a gaɓa. An kira su haka ne don sun yi kama da tozon raƙumi. "Igiyar ruwa" kuma na nufin ruwa mai gudu ta fuska ɗaya kamar kogi. Kafofin watsa labarai sukan haɗa ma'anonin biyu a kalma ɗaya, amma a nan an raba su. "Ƙasan teku" shi ne daɓen da ruwa yake kwance a kansa. "Kunya" kuwa ita ce irin ta gona, wadda jam'inta kunyoyi, ba ta jin nauyi ba. Da ita za a kira dogon tudun yashi na ƙarƙashin ruwa, a kira ramin da ke gefensa "kwari".

2.0 Daga ina raƙuman ruwa suke zuwa?

Baƙo zai yi zaton iskar da ke kaɗawa a Lome ita ce take tayar da raƙuman ruwan da yake gani. Ƙananan ne kawai nata. Manyan sun yi doguwar tafiya. A can kudancin tekun Atlantika, tsakanin Afirka ta Kudu da Amurka ta Kudu da yankin ƙanƙara, ana yin guguwa mai tsanani kusan kullum. Raƙuman ruwan da take tayarwa sukan yi tafiyar dubban kilomitoci cikin kwanaki, su iso gaɓar Gana da Togo da Benin da Nijeriya a jere, ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa teku yake ruri a Lome ko da ranar da ganye ba ya motsi.

Tsakanin raƙumi da mai bi masa akan sami daƙiƙa 10 zuwa 15, tsayinsu kuma yawanci mita 1 zuwa 2. Idan aka ɗauka kowane daƙiƙa 12 ɗaya yake fashewa, to a yini da dare guda 7,200 ke nan suke dukan wuri ɗaya. Sun fi girma daga watan Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da ake sanyi da guguwa a kudancin duniya, wanda ya yi daidai da damina a ƙasar Hausa. Da hunturu, wato daga Disamba zuwa Fabrairu, sai su lafa. Ƙarfin raƙumin ruwa yana ƙaruwa fiye da yadda tsayinsa yake ƙaruwa: idan tsayi ya ninka sau 2, ƙarfi zai ninka sau 4, idan ya ninka sau 3, ƙarfi zai ninka sau 9. Gaɓar da take shan irin wannan duka a kai a kai ita masana suke kira gaɓa mai ƙarfin raƙuman ruwa.

2.1 Yadda suke taɓa ƙasa su fashe

A tsakiyar teku, raƙumi yana wucewa ne ya bar ruwan a inda yake. Ruwan yana juyawa kawai a da'ira, sama da gaba, ƙasa da baya, kamar yadda gero yake rausayawa a gona idan iska ta bi ta kansa. Wannan juyi yana raguwa da zurfi, har ya ɓace a zurfin da ya kai rabin tazarar da ke tsakanin tozo da tozo. Raƙuman da ke zuwa kowane daƙiƙa 10 suna da tazarar kimanin mita 156, saboda haka sukan fara jin ƙasa tun daga zurfin mita 78.

Da zarar sun ji ƙasa, sai gudunsu ya ragu, tazararsu ta matse, tsayinsu ya ƙaru. Idan tsayin ya kai kamar kashi 4 cikin 5 na zurfin ruwan, sai kan raƙumin ya riga gindinsa, ya kife, ya fashe. Wato mai tsayin mita ɗaya da rabi zai fashe a inda zurfi yake kusan mita 2. Mai tsayin mita 3 kuwa tun daga zurfin kusan mita 4 zai fashe, can nesa da gaɓa. Wurin fashewar nan shi ne wurin da ake aikin sassaƙa ƙasan teku, domin a nan ne ruwa yake tayar da yashi ya riƙe shi.

Tarihin Lome ya san wannan wuri sarai. A ƙarni na 19 manyan jirage ba sa iya kusantar gaɓa. Sukan tsaya nesa, a yi ta jigilar kaya da mutane cikin kwale-kwale, wasu su kife a wurin fashewar. Don kauce wa wannan ne Jamusawa suka gina doguwar gadar ƙarfe ta sauke kaya wadda ta tsallake wurin, aka buɗe ta a 1904. A 1911 teku ya karya wani sashe nata. Faransawa suka gina wata, aka fara aiki da ita a 1928. Ragowar ƙarafunan suna nan tsaye cikin ruwa a gaban tsohon gari.

3.0 Tafiyar yashi ta farko: tsakanin gaɓa da zurfi

Yashin bakin teku yana da tafiya iri biyu. Ta farko ita ce kai da komo tsakanin gaɓa da cikin ruwa. Ƙarfi biyu ne suke jayayya a kansa. Na ɗaya shi ne tunkuɗar raƙuman ruwa. A ruwa marar zurfi, turawar da raƙumi yake yi zuwa gaba gajera ce amma mai ƙarfi, jansa zuwa baya kuma dogo ne amma mai rauni, saboda haka kowane raƙumi yakan ɗan matsar da yashi zuwa gaɓa. Na biyu shi ne igiyar ƙasa. Ruwan da raƙuma suka tara a gaɓa dole ya koma, kuma ta ƙasa yake komawa, yana jan yashi zuwa zurfi.

Idan teku ya yi zafi, igiyar ƙasa ce take rinjaye. Sai ta yanko yashi daga gaɓa ta kai shi wurin fashewa. Daga can kuma tunkuɗar raƙuma tana turo wani yashin daga zurfi. Inda suka haɗu sai yashi ya taru ya zama kunya, doguwa, kwance daura da gaɓa, da kwari tsakaninta da tudu. Guguwa ɗaya ta kwana biyu tana iya matsar da kunya mita masu yawa zuwa cikin teku. Idan teku ya lafa, sai tunkuɗar raƙuma ta rinjaya, kunyar ta riƙa rarrafowa a hankali, cikin makonni ko watanni, har ta manne da gaɓa, bakin teku ya sake faɗi.

Kunyar nan tana da amfani babba. Da yake ruwan kanta ba shi da zurfi, manyan raƙuma a kanta suke fashewa, su iso gaɓa a gajiye. Ke nan gaɓa tana ba da yashinta a gina mata garkuwa lokacin tsanani, a mayar mata lokacin sauƙi. Wannan tafiya aro ce, kuma teku yakan biya. Wanda ya ga bakin teku ya tsuke a watan Agusta kada ya yi saurin cewa zaizaya ce, sai ya dawo ya duba a watan Fabrairu.

Kai da komon yana da iyaka. Akwai zurfin da in an wuce shi, awo ba ya nuna wani sauyi a ƙasan teku daga shekara zuwa shekara. A gaɓoɓi masu ƙarfin raƙuman ruwa wannan iyaka takan faɗa tsakanin mita 5 da mita 10 ko ɗan fiye. Yashin da ya tsallake ta da wuya ya dawo.

3.1 Ire-iren gaɓa

Siffar ƙasan teku ta dogara ga abubuwa uku: tsayin raƙuman ruwa, da tazarar lokacin da ke tsakaninsu, da kaurin ƙwayar yashi. A 1984 wasu masana biyu da suka yi aiki a gaɓoɓin Ostireliya, Wright da Short, suka kasa gaɓoɓin yashi gida 6. A gefe ɗaya akwai gaɓa mai laushin yashi, shimfiɗaɗɗiya, wadda raƙuma suke fashewa nesa a kan kunyoyi biyu ko uku. A ɗaya gefen akwai gaɓa mai kaurin yashi da gangare mai tsauri, wadda ba ta da kunya, raƙuma suna zuwa har bakinta su kife gaba ɗaya. Sauran 4 suna tsakani, kuma gaɓa ɗaya tana iya tashi daga wannan gida zuwa wancan gwargwadon yanayi.

Gaɓar Togo da ta yammacin Benin sun fi kusa da iri na biyu. Yashinsu yana da ɗan kauri, gangarensu yana da tsauri, kuma sau da yawa akwai wani ɗan dandamali na yashi a gindin gangaren wanda yake bayyana idan ruwa ya janye. Teku yana cika ya janye sau biyu a kwana, bambancin kuwa a wannan yanki bai kai mita 2 ba. Saboda haka gaɓar takan yi hali biyu a rana ɗaya. Idan ruwa ya janye, raƙuma a kan dandamalin suke fashewa. Idan ya cika, sai su tsallake shi su doki gangaren kai tsaye. Ruwan da yake hawa yana sauka a gangaren yakan sassaƙa shi ya zama lungu-lungu a jere, kamar bakin faranti mai ado.

3.2 Kwararon da ke jan mutum

Kunya da dandamali ba sa tafiya santal babu yankewa. Akan sami wurin da suka tsage, ruwan da ya taru a gaɓa ya samu ƙofa. Ta nan yake fita da gudu, siriri kamar kwararo, ya nufi cikin teku. Gudun yana iya wuce mita 2 a daƙiƙa, abin da ya fi ƙarfin gwanin iyo. Haɗarin shi ne wurin yakan yi kama da mafi kwanciyar hankali, domin zurfinsa ya hana raƙuma fashewa a cikinsa. Alamarsa ita ce ruwa mai duhu ko mai launin yashi, da kumfa ko shara suna tafiya ciki.

Wannan darasi ne ga samari da yaran da suke cika bakin tekun Lome ranar Lahadi da ranakun salla. Wanda ya saba da wanka a kogi ko kududdufi yana tsammanin wurin da ya taka jiya yana nan yau. A teku ba haka ba ne, domin kwararon yana ƙaura idan yashi ya ƙaura. Wanda ya faɗa cikinsa kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye. Ya bar jikinsa ya yi yawo a kan ruwa, ya ɗaga hannu, in yana da ƙarfi ya yi iyo a gicciye har ya fita daga kwararon, tunda faɗinsa ba shi da yawa.

4.0 Tafiyar yashi ta biyu: ayari daga yamma zuwa gabas

Tafiya ta biyu ita ce mai bin tsawon gaɓa. Gaɓar Togo, wadda tsawonta kimanin kilomita 50 ne, ta miƙe daga yamma zuwa gabas tana ɗan karkata arewa. Raƙuman ruwa kuwa daga kudu maso yamma suke zuwa, saboda haka a karkace suke dukanta. Wannan karkata tana haifar da abu biyu. A kan gangare, ruwa yana hawa da ƙwayar yashi a karkace, ya sauko da ita a miƙe, sai ta matsa gabas kaɗan. A wurin fashewa kuma, ana samun igiyar ruwa mai bin gaɓa, tana kwasar yashin da raƙuma suka tayar tana yin gabas da shi.

Masana sun ƙiyasta cewa yashin da yake wucewa ta gaban Lome ya kai kubik mita miliyan 1 ko fiye a shekara, abin da ya sa wannan gaɓa take cikin waɗanda suka fi jigilar yashi a duniya. Kubik mita shi ne cikin akwati mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 da zurfin mita 1. Idan tifa tana ɗaukar kubik mita 10, to lodi 100,000 ke nan a shekara, wato fiye da tifa 270 kowace rana, ba hutu. Tushen wannan yashi shi ne bakin kogin Volta a Gana, da abin da kogin ya jibge cikin dubban shekaru. Da shi aka gina tudun da Lome take kai.

A nan ne kalmar zango take taimaka wa mai karatu. Zango yakan kasance cike da mutane kullum, amma mutanen yau ba su ne na jiya ba. Wasu sun tashi, wasu sun sauka. Haka yashin bakin teku yake. Muddin mai sauka ya yi daidai da mai tashi, gaɓa tana nan inda take. Idan masu sauka suka fi yawa, gaɓa ta ƙaru. Idan aka tare hanya daga baya, masu tashi ba za su fasa tashi ba, sai zango ya watse. Bambancin wannan tafiya da ta farko shi ne yashin da ya yi gabas ba ya komowa.

5.0 Abin da ya faru da aka tare hanya

A 1968 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome. Don jirage su sami ruwa mai zurfi da kwanciya, an gina katangar duwatsu wadda ta shiga cikin teku fiye da kilomita ɗaya da rabi. Katangar ta gitta hanyar ayarin yashi. A yammacinta yashi ya taru, ƙasan teku ya cike, gaɓa ta matsa ciki da ɗaruruwan mitoci. A gabashinta igiyar ruwa ta ci gaba da aikinta da ƙarfinta na da, amma babu lodin da yake iso mata. Sai ta shiga ɗiba daga abin da ta tarar.

Ɗibar takan fara ne a ɓoye. Ƙasan teku na kusa da gaɓa yana zurfafa, kunya da dandamali suna ramewa. Da zurfi ya ƙaru, manyan raƙuma ba sa fashewa nesa, sai su iso da ƙarfinsu su sari gindin tudu, ya rufta. Kafin mai gida ya ga katangarsa ta tsage, an daɗe ana haƙa a ƙarƙashin ruwa. A wasu wurare gabas da tashar, gaɓa ta riƙa ja da baya mita 5 zuwa 10 a shekara. Hanyar mota ta Lome zuwa Aneho sau biyu teku yana cinye ta, ana matsar da ita tudu. Garuruwa irin su Baguida da Agbodrafo da Aneho duk sun yi asarar ƙasa.

Zaizayar ta tono wani abu da yake binne. Shi ne wani falalen dutse mai tsawo, wanda asalinsa yashin tsohuwar gaɓa ne da ya daskare da sinadarin farar ƙasa. Farfesa Adoté Blivi na Jami'ar Lome yana cikin waɗanda suka yi nazarinsa. Wannan dutse ya rage saurin zaizaya a wasu wurare, tunda raƙuma suna fashewa a kansa. Amma ya wahalar da masunta wajen shiga da fitar da kwale-kwale, kuma inda ya karye ruwa yakan bi ta kafar ya ci gaba da cin tudu.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilin bai tsaya ga tashar kaɗai ba. Madatsar ruwa ta Akosombo, wadda aka gama a 1965, ta tare yawancin yashin da kogin Volta yake kawowa teku. An kuma shafe shekaru ana kwasar yashin gini daga bakin teku da tifofi, har gwamnatin Togo ta hana a 2011. Sannan ga hawan ruwan teku saboda ɗumamar yanayi: a duniya baki ɗaya ya ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. Idan ruwa ya hau, ƙasan teku yakan nemi komawa siffarsa ta da a wani sabon matsayi, kuma daga tudu yake samo yashin yin hakan.

Maƙwabta ma sun ga irin wannan. A Legas, katangun da aka gina a bakin mashigar jirage a farkon ƙarni na 20 sun tara yashi a yamma, suka bar gaɓar Victoria Island tana zaizayewa. A Kwatano haka ta faru gabas da tashar da aka buɗe a 1965. Garin Keta a Gana ya rasa babban sashe nasa. Wani nazari da Bankin Duniya ya fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa lalacewar yankunan gaɓa, wato zaizaya da ambaliya da gurɓata, ta jawo wa Benin da Kodebuwa da Senegal da Togo asarar dala biliyan 3.8 a shekarar 2017 kaɗai.

6.0 Yadda ake auna abin da ido ba ya gani

Wurin fashewar raƙuma yana da wuyar awo: ya yi wa jirgi ƙarancin zurfi, ya yi wa mai tafiya da ƙafa haɗari. Ana amfani da ƙaramin jirgi mai na'urar da take aika sauti ƙasa ta auna lokacin dawowarsa. Ana kuma kafa kyamara a kan hasumiya, domin farin kumfa yana nuna inda kunya take. An kafa irin wannan a Grand-Popo, a Benin kusa da iyakar Togo, a 2013. Hotunan tauraron ɗan'adam kuma suna nuna inda gaɓa take tun daga shekarun 1980.

Awon da ya fi amfani shi ne wanda aka daɗe ana maimaitawa. Ƙasar Holan tana auna gaɓarta kowace shekara tun 1965. A Narrabeen ta Ostireliya an fara a 1976, a Duck ta Amurka kuma a 1981. Awon Holan ya nuna cewa kunya takan haifu kusa da gaɓa, ta yi ta matsawa ciki shekara da shekaru, ta mutu a zurfi, wata ta maye gurbinta. A wani yanki zagayen yakan ɗauki shekara 4, a wani kuma 15. Wanda ya auna sau biyu kacal ba zai iya bambance aro da asara ba.

7.0 Magani da iyakarsa

Hanya ta farko ita ce gina gajerun shingayen duwatsu masu shiga cikin ruwa, don su riƙe yashi a tsakaninsu. An yi haka a ƙarshen shekarun 1980 a Kpeme, inda ake lodin sinadarin fosfat, da kuma Aneho. Suna kare wurin da aka gina su, amma kowane shinge ƙaramar katangar tasha ce: abin da ya riƙe, maƙwabcin gabas ne ya rasa. Da yake maƙwabcin Togo na gabas Benin ce, matsalar ta zama ta ƙasa da ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce ciyar da gaɓa, wato a haƙo yashi daga can cikin teku a zuba. Holan ta gwada zuba kubik mita miliyan 21.5 a wuri ɗaya a 2011, ta bar igiyar ruwa ta rarraba shi. A ƙarƙashin shirin WACA, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2018, Togo da Benin sun yi aiki tare a 2022 da 2023: an gina sababbin shingaye daga Agbodrafo zuwa Aneho, an gyara tsofaffi, an kuma jibge yashi fiye da kubik mita miliyan 6 a ɓangaren Benin. Wannan yashi ma zai tafi, saboda haka aiki ne da yake bukatar maimaici. Akwai kuma dabarar ɗebo yashin da ya taru a yammacin tasha a tsallakar da shi gabas, da dabarar hana gini kusa da ruwa tun farko, wadda ta fi kowacce arha.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ƙasan teku na kusa da gaɓa yana sauya siffa ta hanya biyu. Kai da komo tsakanin gaɓa da zurfi yana gina kunyoyi da kwaruruka da kwararo, yana bin yanayin shekara. Tafiya mai bin gaɓa kuwa tana kai yashi gabas ba dawowa, kuma ita ce take yanke hukuncin ko gaɓa za ta ƙaru ko za ta ragu. Tashar Lome ta buɗe wa 'yan kasuwar Zongo da na ƙasashen arewa ƙofar arziki, ita ce kuma ta tare yashin da ƙauyukan gabas suke zaune a kai. Duk wanda zai yi gini a bakin teku, ko hukuma ce ko mutum ɗaya, tambayoyi biyu ne a gabansa: yashin nan daga ina yake zuwa, kuma wa yake jiran sa a gaba?

Tambayoyi

1. Me ya sa raƙuman ruwa suke fi girma a Lome daga Afrilu zuwa Oktoba?
2. Bayyana yadda kunya take samuwa a ƙarƙashin ruwa, da amfaninta ga gaɓa.
3. Mene ne bambancin "raƙuman ruwa" da "igiyar ruwa" a wannan takarda?
4. Me ya sa aka kira tafiyar yashi ta farko aro?
5. Kawo dalilai 3 da suka jawo zaizaya gabas da tashar Lome.
6. Rubuta sakin layi ɗaya kana gargaɗin ƙaninka game da wanka a bakin teku.